Rubutun Alli a Bangon Kayode

Sufeto Riskuwa bai kai ga kurɓar shayinsa ba wata mata ta faɗo ofishinsa rungume da fulas, kofur na biye da ita yana ta faman "dakata, dakata".

"Yallaɓai, mijina ya ɓace!"

Ya san ta. Duk wanda ya taɓa sayen taya a Nasarawa ya san Titi matar Kayode, Bayarabiyar da aka haifa a nan Birnin Kebbi, wadda in ta fara ciniki da Hausa ɗan gari ma sai ya ja da baya.

"Zauna, Maman Ibukun. Tun yaushe?"

"Tun jiya da hantsi. Na tahi kasuwa, na dawo ban ishe shi ba. Wayarshi na bisa gado." Ta buɗe fulas ɗin, ƙanƙara ce a ciki da 'yan kwalabe biyu. "Ciwon suga garai, shekara sha ɗaya ke nan. Sahe da marece nike yi mishi allurar insulin. Ko Jega za shi, sai da wanga fulas. Ga shi ya bar shi."

"In bai samu allurar ba fa?"

"Likita ta ce kwana biyu, in ya yi ƙarhin hali ukku."

Riskuwa ya dubi agogon bango. Kwana ɗaya ya riga ya tafi. Sai idonsa ya faɗa kan wata takarda da ke teburinsa tun jiya, ƙarar wani asibitin kuɗi a Gesse cewa an sace musu katunan marasa lafiya. Jiya har dariya ya yi, ya ce ɓarayin bana sun lalace.

"Wane asibiti yake zuwa?"

Ta faɗi suna. Shi ne dai. Riskuwa ya sura hularsa ya bar shayin nan ya huce.

A asibitin, Dakta Chidera mai wurin ta buɗe masa durowar katuna. Kwaɗon lafiyarsa lau, ba a ko taɓa shi da ƙarfe ba.

"Kati tara, Sufeto. Masu suga da masu hawan jini, duk waɗanda ba su rabuwa da magani. Na kira su yau da safe, bakwai ba su ɗauka ba."

"Wa ke da makulli?"

"Sista Uwa da Nas Sakinatu."

Sista Uwa ce babbar nas, dattijuwa mai sanyin murya. Tana ganin Titi ta rungume ta, tana cewa a yi haƙuri, za a gan shi da yardar Allah.

"Jiya da safe ina kike, Sista?"

"Ina gida, ranka shi daɗe. Ƙahwa ta matsa min. Sai bayan azahar niz zo."

"Katunan fa?"

"Ni kam ban san komi ba."

Sakinatu kuwa tun kafin a tambaye ta zufa ta keto mata. Tana ta tura wata koriyar jaka ƙarƙashin tebur da ƙafa, irin turawar da ke sa mutum ya duba. Riskuwa ya duba. Irin jakar da ake rabawa a taron bita ce, an buga mata rubutu: Bunƙasa Sana'arka.

"Kin je taron bitar nan?"

"A'a, Yallaɓai. Aron jakar na yi."

Ya zuge jakar, ya zaro katin wuya mai hotonta da sunanta, ya ajiye mata a gaba. "Har hoton ma aro ne?"

Sai ta fashe da kuka, magana ta ɓalle.

Wata biyu da suka wuce aka yi taron, in ji ta, a zauren wani otal, kyauta ga ma'aikatan lafiya kaɗai. Ranar farko wani mutum cikin kwat ya koya musu yadda ake buɗe kemis da yadda ake riƙe abokin ciniki. Ga shinkafa da kaza, ga takardar shaida. Rana ta biyu ya ce su rubuta abin da ya fi ci musu rai a rayuwa, wai ɗan kasuwa na gari sai ya san kansa. Rana ta uku aka rufe ƙofa, mutumin nan ya fito cikin farar alkyabba, ana ce masa Jagora.

"Ya ce magani sarƙa ce, Yallaɓai. Wai ciwo rashin yarda ne, in mutum ya yi kwana bakwai ba ƙwaya ba allura, sai ruwan da ya tofa, zai warke. Sunansu 'Yantattu. Ba ruwansu da masallaci, ba ruwansu da coci."

"Me ya sa sai ku ma'aikatan lafiya?"

"Ya ce majinyaci ba ya musu da mai fararen kaya. Kowa ya kawo nashi majinyata gidan hutu a Argungu. Ni tsoro niji, ban koma ba. Wallahi ban san gidan ba."

"Wa ya gayyace ki?"

"Bisa teburina nit tarar da takardar. Mun fi ɗari a zauren, mata da yawa da takunkumi, ban gane kowa ba."

Riskuwa ya rubuta, amma a ransa bai sake ta ba. Wadda ta yi ƙaryar jaka za ta iya yin ta kati. Ya sa ɗan sanda ɗaya ya zauna da ita, ya karɓi adireshin mutum taran, suka wuce Nasarawa shi da Titi.

A ƙofar gidan Kayode wata mai tuyar awara ta ce ta ga farar bas jiya. Direban bai tambayi kowa ba, ya dai riƙa tafiya a hankali yana kallon bangaye, sai ya tsaya ya yi oda. Kayode ya fito da ƙafarsa ya shiga.

"Yana kallon bangaye?" in ji Riskuwa.

Ya juya ya dubi bangon. Tsoffin rubuce-rubucen alli na masu rigakafin shan-inna suna nan, ruwan sama ya ci rabinsu. A gefensu akwai wani sabo fil, fari tas. Riskuwa ya matsa kusa. Shekara uku ya yi yana kurtu yana rakiyar masu ɗigon rigakafi gida-gida, ya san karatun bangon nan kamar sunansa.

"Maman Ibukun, yaushe rabon masu rigakafi da layin nan?"

"Tun kafin azumi."

"To duba nan. Kwanan watan jiya ne. Ɗaya bisa ɗaya, wato mutum ɗaya ake nema kuma an same shi. Direban baƙo ne, shi ya sa wani ya riga shi zuwa ya yi masa alama." Ya ɗora yatsa a kusurwar sama. "Amma wannan fa? Arba'in da shida. Direba ba ya bukatarta. Lambar tawaga ce. Duk mai riƙe alli da ita yake farawa, gida ɗari a yini, har hannu ya daina shawara da kai."

Ya ɗauki hoto da waya. Suka zaga gida biyu daga cikin taran, ɗaya a Gesse, ɗaya a bakin hanyar Zauro. Alli iri ɗaya, hannu iri ɗaya, arba'in da shida na zaune a kusurwa abinta.

Nan take ya kira Malam Dikko, tsohon mai duba tawagogin rigakafi da ya yi ritaya, mutumin da ya haddace lambobi fiye da sunayen jikokinsa.

"Arba'in da shida? Ai ta Argungu ce, unguwar bakin gulbi. Shekara shida Uwa na riƙe da allinta, kahin ta koma asibitin kuɗi. Lahiya dai?"

"Tana da wani wuri a can?"

"Marigayi mijinta na da tsohon sito na shinkafa wajen. Wanne ne daga ciki, ban sani ba."

Titi ta ji komai. Ta dafe ƙirji. "Sista Uwa? Wadda ta rungume ni ɗazu?"

Riskuwa ya kira asibiti. Dakta Chidera ta ce Sista ta fita tun bayan tafiyarsu, wai za ta sayo maganin ƙafa. Ya ce a ba Sakinatu ledojin ƙarin ruwa da na'urar gwajin suga, ta fito bakin titi yanzu-yanzu. Ya ji kunyar zargin da ya yi mata, amma babu lokacin ba da haƙuri.

Direbansu ya taka motar kamar ya ci bashin hanyar. Gonakin shinkafa na wucewa ta taga, Titi na rungume da fulas tana addu'a da Hausa da Yarabanci a haɗe. Ana kiran azahar suka shiga Argungu.

Unguwar bakin gulbi sito ne bayan sito, duk jan bulo da ƙofar kwano, ba ka bambanta wannan da wancan. Tambaya kuwa za ta kai labari kafin su kai. Riskuwa ya raba mutanensa uku.

"Kada ku tambayi kowa. Ku karanta bango kawai."

Layi na farko ba komai. Na biyu ma haka. A ƙarshen na uku, inda ake jin warin gulbi, Sakinatu ta ƙwala kira, "Yallaɓai! Ga ta!"

Arba'in da shida a kusurwa. A ƙasa, bakwai bisa tara. Har an ga inda aka goge shida da yatsa aka mayar da ita bakwai.

Suka banke ƙofar.

Mutum bakwai ne kwance a kan tabarmi cikin zafin kwano, kowa da kofin ruwa a gefensa. Ta ƙofar baya wani mai farar alkyabba na cusa kaya a but ɗin mota, Sista Uwa na tsaye kusa da shi. Yana ganin kaki ya yar da jaka ya ranta a na kare. Alkyabba dai ba a yi ta don gudu ba. Taku goma ta harɗe shi, kofur ya zauna masa a baya.

"Baban Ibukun!" Titi ta zube gaban mijinta. Kayode na numfashi da ƙarfi, leɓɓansa sun bushe, bai san wanda ke kansa ba. Sakinatu ta soki yatsarsa, ta duba na'ura, ta ce sugan ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa. Dakta Chidera ta ce ta waya a fara sa masa ruwa kafin komai. Sakinatu ta ɗaure hannun, ta soka, ba jijiya. Ta sake, ba jijiya.

Riskuwa na zazzage kayan but, ya ci karo da wata 'yar kula mai ƙanƙara. Ya buɗe, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya kawo ta gaban Uwa.

"Sista, ke ce ma'aikaciya. Karanta min."

Kwalaben insulin ne guda huɗu, ɗaya an sha rabinta, da sunan Jagora na gaskiya a jikin ledar. Uwa ta ɗauki kwalbar ta juya ta. Ta dubi Jagora da ke kwance cikin ƙasa. Bai iya ɗago ido ba.

"Ni na ɗauki katunan," ta ce a hankali. "Ni na lallashe su ɗaya-ɗaya, na sa su rantse ba za su gaya wa iyali ba. Kemis nike son buɗewa in na aje aiki, shi yak kai ni taron. Da anka ce mu rubuta abin da ke ci muna rai, na rubuta ɗiyata. Shekara biyu tana ciwon ƙoda, kowace allura da hannuna nike yi mata, ta rasu. Ya kira ni gehe ya ce magani yak kashe ta, ni kuma nib ba ta. Ya ce in na 'yanta mutum tara za a yahe min." Ta share ido da bayan hannu. "Na yarda, ranka shi daɗe. Ina son wani ya gaya min laihin wa ne."

"Yallaɓai, na kasa!" Sakinatu ta faɗa cikin kuka. "Jijiyoyin sun ɓuya!"

Riskuwa na riƙe da ankwa. Ya dubi Kayode, ya dubi Uwa, ya mayar da ankwar aljihu.

"Minti biyu," ya ce.

Uwa ta durƙusa. Ta shafa bayan hannun Kayode, ta ɗan bubbuga da yatsu biyu, ta soka sau ɗaya. Jini ya leƙo cikin robar. Ruwa ya fara sauka. Ta manna filasta, ta gaya wa Sakinatu yawan ɗigon da za ta sa, sannan ta bi sauran shidan tana faɗin wanda za a fara ɗauka.

Leda ta farko na gab da ƙarewa, motar asibitin da aka kira na shigowa layin, Kayode ya motsa. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Titi... ina fulas?"

"Ga shi nan, mai taurin kai! Ga shi nan!" Tana dariya tana kuka, tana dukan kafaɗarsa a hankali.

Uwa ta miƙe ta miƙa hannayenta biyu. Riskuwa ya sa ankwar, ya zaro guntun alli daga aljihun farar rigarta ya jefa a ledar shaida. Sun zo fita Titi ta ɗago kai.

"Sista," ta ce, "ke fa kika koya min yi mishi allurar nan."

Uwa ta tsaya. Kofur ya taɓa gwiwar hannunta, suka wuce ta gaban bangon zuwa mota.