Tukwane Goma Sha Biyu a Tokar Tacuarembó

Ranar Lahadi da tsakar rana, lokacin da kowa a garin Tacuarembó ke bakin murhu yana gashin nama, rumfar ƙungiyar manoman wiwi ta unguwar jirgin ƙasa ta ƙone ƙurmus. Da Doña Zulma Techera ta iso, Sufeto Pintos ya riga ya jera tukwanen shuka a fili yana ƙirgawa. Ya ce kalanzir aka zuba, kuma ba a fasa ƙofa ba. Sannan ya ce tukwane ɗari da goma sha ɗaya ya samu.

Doka ta yarje wa ƙungiya shuka casa'in da tara, ba ƙari. Zulma kuwa ita kaɗai ce a garin ta yarda ta yi wa masu wiwi inshora, bayan manyan kamfanoni sun gudu kamar an ce musu annoba. Abin da ke kare ta ɗaya ne: muddin gonar tana kan ƙa'ida, ba mai taɓa ta. Ranar Alhamis ta ƙirga da kanta ta sa hannu. Idan goma sha biyun da suka ƙaru na ƙungiya ne, lasisinta ya tafi, kuma gaban alƙali za ta tsaya a matsayin abokiyar masu fataucin ƙwaya.

"Gobe da safe zan miƙa rahoto, Doña," in ji Pintos. "Kafin nan ki yi abin da za ki yi."

Ta kasa zama. Ta zagaya tukwanen sau uku, ta kunna sigari ta manta da shi a hannu. Duk iri ɗaya ne, sun yi baƙi ƙirin. Don haushi ta shuri ɗaya ya fashe, ƙasar cikinsa ta watse, wuta ba ta ci ta ba. Sai ta durƙusa tana tona tukwane da yatsa, Pintos yana mata kallon wadda ta zautu. Casa'in da tara ƙasarsu tsaf take. Goma sha biyu kuwa cike suke da tukar ganyen mate, shayin nan da ake sha a ƙoƙo da bututun ƙarfe, haɗe da guntayen ɓawon lemo. Dokar ƙungiya ta hana shiga rumfa da ƙoƙo. Ashe a gidan wani aka raini waɗannan, gidan mai juye tukar shayinsa a gindin shuka.

Pintos ya yi dariya ya ce to ai duk ƙasar ce ake zargi, don wa ba ya shan mate? Zulma ta ce tunda ba a fasa ƙofa ba, mutum uku ne kawai ke riƙe da makullin rumfar.

Ta fara da Nibia, sakatariyar ƙungiya, wadda ta nuna mata takardar likita. Gyambon ciki ya raba ta da mate tun bara, kuma ko fure ba ta da shi a gida. Daga nan ta wuce wurin Yamandú, wanda aka zaɓa makon jiya ya karɓi aikin kula da rumfa. Ta same shi yana kuka a gaban surukansa, nama yana ƙonewa. Ta fizgi ƙoƙonsa ta zuƙa. Ɗaci zalla, babu ƙamshin lemo.

Saura Don Elbio Rodales, wanda ya kafa ƙungiyar, aka kuma kayar da shi a zaɓen. Abokin marigayi mijinta ne. A hanya ta tsayar da mota sau biyu kamar za ta juya, don ba ta son zuwa.

Yana zaune a barandarsa, butar ruwan zafi a hammata. Ya cika ƙoƙo ya miƙa mata kamar kullum. Ta zuƙa. Ƙamshin lemo ya cika mata baki. A bayansa, kan siminti, akwai zagayen laima guda goma sha biyu inda tukwane suka daɗe.

"Ina shukokinka, Don Elbio?"

"Na kyautar da su, 'yata."

"Ka sayi tukwane irin na ƙungiya, ka yi ƙoƙari. Amma shekara nawa kana juye ƙoƙonka a gindin shuka? Hannunka ya saba, ko ka sani ko ba ka sani ba."

Ya karɓi ƙoƙon daga hannunta. Ta ce ta gane lissafinsa: wuta kaɗai ba za ta wadatar ba, don inshora za ta sake gina rumfar a miƙa wa Yamandú. Sai ya ƙara goma sha biyu don a rufe ƙungiyar ɗungurungum.

"Da hannuna na kafa ta," ya ce. "Da in ga wani a ciki, gara babu."

"Ni fa? Sa hannuna ne a takardar."

"Wallahi ban tuna da ke ba, Zulma."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Motar Pintos ta tsaya a ƙofar gida. Tsohon ya sake cika ƙoƙon ya miƙo. A Tacuarembó ba a yi wa mai zuba mate godiya sai in an gama sha da shi. Shekara ashirin Zulma ba ta taɓa furta kalmar a barandar nan ba.

Ta mayar masa da ƙoƙon a cike.

"Na gode, Don Elbio," ta ce.