Tabon da Ba Ya Cikin Hoton

Ranar Talata aka sace wa Malam Rabe matarsa, shekara biyu bayan an binne ta.

Hotonta dai yana nan a bangon ɗakin da yake koyar da zane a Malumfashi. Katakon ne, gawayin ne, amma hannun ba nasa ba ne. A ƙasan haɓar matar tasa, Zaituna, akwai ɗan tabon ƙuna, wanda shi bai zana ba domin ita ta hana. An ɗauke nasa, an sa wani. Abin da ya fi ci masa rai, wannan ya fi nasa kyau.

Bai je wurin 'yan sanda ba. Wa zai kai ƙarar hoton da ke rataye?

Ya fara bincike daga kan Sadiya, ɗalibarsa mafi hannu. Ya ajiye mata ƙwarya mai tsaga. Ta miƙa fensir, ta kanne ido, ta auna, ta zana har da tsagar.

"Kin taɓa ganin Hajiya?"

"A bango kawai, Malam."

Yarinyar abin da ta gani take zanawa. Ba za ta ƙara tabon da ba ta gani ba.

Sai Isah kafinta, wanda ya canza wa hoton gilashi.

"Ni, Malam? Ko kaza na zana sai a ce tulu ne."

"Ina ka yanko gilashin?"

"Funtua. Na bar hoton a Ƙarfi, a shagon Murtala mai fentin motoci, kafin in dawo."

Murtala ɗan Ƙarfi ne, unguwarsu ɗaya da Zaituna, kuma shi ya fara nemanta.

Malam Rabe ya same shi yana zana zaki a bayan wata babbar mota.

"Zakin nan kare ne, Murtala."

"Direban bai yi ƙorafi ba."

"Mai kwaikwayo takarda yake kallo. Kai ba ka kalli tawa ba, ka zana abin da ka sani. Wa ya ce ka sa tabon?"

Murtala ya ajiye buroshi. "A gabana kasko ya ƙona ta. Hannuna ne ya zana shi, ban lura ba."

"Tunda ka iya, me za ka yi da nawa?"

"Idanun. Fuskarta ina da ita a kai. Amma kallon da ta yi maka a hoton nan, ni ba ta taɓa yi mani ba. Na kwaikwaya, ya ƙi."

Ya shiga ciki, ya fito da hoton a nannaɗe cikin sabon yadi. Malam Rabe ya karɓa, ya hau mota, yana jin daɗin da bai dace da mai furfura ba.

Da damina ya yi niyyar komawa. Kafin ya shirya aka yi jana'izar Murtala. Saboda haka bai samu ya gaya masa ba cewa ranar da Zaituna ta zauna ya zana ta, taga take kallo, kuma kallon nan shi da kansa ya ƙirƙira.