Mai Ɗinki a Ƙarƙashin Gidan Dilruba

Ranar Lahadi da rana Sharmin ta ajiye takardu biyu a kan tebur, tsakanin kwanon shinkafa da miyar kifi, ta koma ta zauna tana ɓoye murmushi. Shekararta ɗaya da rabi ke nan da barin Dhaka. A Calgary suka fara zama da mijinta Shahed, sai da aka yi masa canjin wurin aiki, sati shida da suka wuce, suka dawo gidan mahaifiyarsa a Toronto. Ga shi yanzu makarantu biyu sun karɓe ta: ɗaya digiri na biyu a kan kasuwanci, shekara biyu, ɗaya karatun lauya, shekara uku. Ranar Juma'a ake jiran amsarta.

"Ammu, dubi surukarki!" in ji Shahed ga mahaifiyarsa, yana dariya. "Ni sai da na nema sau uku kafin a ji tausayina, ita kuwa rububinta ake yi."

Mahaifiyar tasa, Dilruba Begum, ba ta yi dariya ba. Ita ce mai babban shagon kayan amare na unguwar, wanda kowa ya san daga Dhaka ake kawo mata sari masu aikin zaren gwal. Ta sa yatsa ta ture takardar lauya gefe.

"Kasuwanci za ki karanta, Bouma," ta ce, da sunan da suke kiran matar ɗa. "Ni zan ɗauki nauyin komai. Ki gama mu buɗe shago na biyu da na uku, wata rana duk naku ne."

"Ai Ammu, tun ina ƙarama lauya nake..."

"Lauya! A gidan nan ba ma son mai yawan tambaya."

Ba ta rufe baki ba aka ji ƙwas... ƙwas... ƙwas, daga ƙarƙashin ƙafafunsu, a hankali, kamar mai neman izinin shigowa. Sharmin ta dubi ƙasa. Ta ɗago ta ga uwa da ɗa kowa ya sunkuyar da kai yana cin abinci.

"Bututun hita mai ɗumama gida ne," in ji Dilruba. "Tsohon gida ne. Ƙara miya."

Litinin kowa ya fita, aka bar Sharmin ita kaɗai. Dusar ƙanƙara ta rufe titi, gari ya yi tsit ko karar mota babu. Tana zaune da kwamfuta tana ta kwatanta karatun nan biyu, ta rubuta ta goge. In ta ɗauki kasuwanci ta zauna lafiya da surukarta, ta gama da wuri, su sami haihuwa kamar yadda Shahed ke so. In ta ɗauki lauya, ta sayi gaba da hannunta.

Sai ta ji waƙa.

Muryar mace ce, siririya, a dushe, tana fitowa ta ragar ƙarfen da ke ƙasan bango, inda iskar ɗumi ke shigowa ɗaki. Tsikar jikin Sharmin ta tashi, domin ta san waƙar. Irin wadda matan bakin kogi ke yi ce a yankin Barisal na ƙasarsu in suna rarrashin jariri, kakarta ta sha yi mata.

Ta durƙusa, ta kai bakinta kusa da ragar. "Wace ce?"

Waƙar ta tsaya cak. Amma ba shiru aka yi ba. Numfashi take ji, ana ja ana saukewa, kamar wani ya kafa kunne daga can ƙasa yana sauraronta ita ma. Ta miƙe da gudu ta nufi ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke bayan kicin. Ƙaton kwaɗo ne a jiki. Tun zuwansu an ce mata tarkace ne a ciki, da ɓeraye.

Daga ranar idonta ya buɗe. Ta lura su uku ne a gidan, amma kullum Dilruba shinkafar mutum huɗu take aunawa. Ranar Talata da safe kuma surukarta ta fito da wani jan sari ta shimfiɗa a falo, ta ce jiya ya sauka daga Dhaka. Sharmin ta shafa aikin zaren tana yabawa, sai ta ji danshi a yatsanta. Ta duba, ɗigon jini ne, bai ko bushe ba.

Ranar Laraba da la'asar ta tari Shahed a mota kafin ya shiga gida.

"Ka ji mana, akwai mutum a ƙasan gidan nan."

"Haba Sharmin! Kaɗaici ne ke damun ki. Ko aljanun Dhaka ne suka biyo ki ba biza?"

"Kalle ni ka faɗa."

Bai iya kallonta ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, wasan ya gudu daga fuskarsa.

"Da can akwai wata mata, Jorina, daga ƙauyen su Ammu. Ta zo taya ta ɗinki lokacin ina Calgary. Ammu ta ce min ta koma gida tuntuni."

"Ka yarda?"

"Uwata ce, Sharmin! Ita kaɗai ta raine ni bayan rasuwar Abbu, da allura ta ciyar da ni. Don Allah ki bar maganar nan. Ki ɗauki kasuwancin, mu tara abin da za mu tara, mu kama gidanmu mu fita. Me ya yi zafi?"

"Mu fita mu bar ta a ciki?"

Ya buɗe ƙofa ya fice. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, saboda tana son sa, kuma ta san ba mugu ba ne, tsoro ne ya ɗaure shi.

Alhamis da hantsi, bayan sun fita, ta sa rigar sanyi ta zagaya bayan gida. Ta durƙusa ta share ƙanƙarar da ta binne 'yar tagar da ke dab da ƙasa. An liƙe gilashin da tsofaffin jaridu daga ciki, sai wani lungu da ya yage. Ta kara fuskarta.

Ido ta gani. Ido ɗaya, a buɗe, yana kallonta ba ƙiftawa.

Ta yi baya ta faɗi zaune, salati na fita daga bakinta ba ta sani ba. Ta tashi ta koma ciki, ta kwanta rub da ciki gaban ragar hita.

"Jorina? Sunana Sharmin, matar Shahed. Ba zan cuce ki ba."

Muryar ta fito, tana kiranta Apa, wato yaya. "Apa... damina nawa aka yi?"

"Ban gane ba."

"Na bar 'yata tana shan nono. Ina ƙirgawa da ƙulli a zare, sai zaren ya ɓace mini. Yanzu ta yi wayo?"

Da ƙyar Sharmin ta haɗa labarin, guntu-guntu. Shekara shida ke nan tana ɗinka sarin da ake cewa daga Dhaka ake kawowa. Wata uku aka ce za ta yi. Ranar da ta sauka Dilruba ta karɓi fasfonta ta ce za ta adana mata. Da bizarta ta ƙare aka ce mata yanzu ita mai laifi ce, 'yan sanda na nemanta, duk ranar da ta leƙa waje kurkuku za ta mutu. Da farko ba kwaɗo, tsoro ne ya tsare ta. Sai da aka ji ɗa da matarsa za su dawo aka sa kwaɗon.

"Ƙarya aka yi miki," in ji Sharmin, hawaye na zuba kan ragar. "Ba ke ce mai laifi ba."

"Kin tabbata, Apa? Ke lauya ce?"

Tambayar ta soke ta. Ita ma ba ta san abin da doka ta ce ba. Ta tashi ta ɗauki waya ta kira wani ofishin lauyoyi masu taimaka wa baƙi kyauta. Wata mata ta saurare ta har ƙarshe, ta ce akwai takardar zama da ake ba wanda aka zalunta irin haka, kuma za ta zo da kanta tare da hukuma. Sharmin ta roƙe ta ta ba ta zuwa ƙarfe biyar. Tana so ta ba mijinta dama ɗaya.

Ƙarfe huɗu uwa da ɗa suka shigo, suka tarar da ita tsaye gaban ƙofar mai kwaɗo.

"Ammu, ba ni makulli."

Dilruba ta ajiye jakarta a hankali. Ba ta yi ihu ba, muryarta ma ƙasa ta yi, abin da ya fi ihu ban tsoro.

"Ashe baƙuwa ta fara ƙirga ɗakuna. Matar nan da yunwa ta kusa kashewa a ƙauye, ni na ciyar da ita, ni na tufatar da ita. Shinkafar da kike ci, da sarin da kika sa ranar aurenki, daga ina kike zaton suka fito?"

Sharmin ta tuna ɗigon jinin nan. Jan sarin aurenta, wanda kowa ya yi ta santi!

"Shahed," in ji uwar, "ka zaɓa. Ko ka sallami yarinyar nan yau ta koma inda ta fito, ko ka manta ka taɓa shan nonona."

Shahed ya tsaya kamar an dasa shi. Sharmin ba ta roƙe shi ba. Cewa kawai ta yi, "Ni na riga na zaɓa, na aika wa makarantar lauya amsa. Ƙarfe biyar mutane za su zo. Ina so su tarar kai ne ka buɗe."

A cikin shirun nan aka sake jin ƙwas... ƙwas... wannan karon a jikin ƙofar, daidai tsayin mutum.

Shahed ya fashe da kuka kamar yaro. "Na ji ta, Ammu! Tun ranar da muka dawo nake jin ta, na toshe kunnena saboda ke. Ki yafe mini, amma ba zan iya haɗuwa da Allah da wannan ba!"

Ya ɗauko guduma a durowar kicin. Bugu na huɗu kwaɗon ya faɗi.

Matar da ta fito ba ta kai shekara talatin da biyar ba, amma kanta ya yi fari, bayanta ya ranƙwafa, yatsunta duk huji. Ta sa hannu ta kare idonta daga hasken taga. Da mutanen suka zo za a fita da ita, ta toge a bakin ƙofa ta ƙanƙame hannun Sharmin. Shekara shida tana cikin garin, ba ta taɓa taka ƙanƙara ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. An rufe shagon, aka gurfanar da Dilruba, kuma Shahed ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kan mahaifiyarsa yana hawaye. 'Yan unguwa suka juya musu baya. A masallaci mata suka riƙa janye jiki daga Sharmin, suna cewa ga wadda ta shigo gida ta rushe shi. Ɗaki ɗaya suka kama a can bayan gari, ita tana karatu da rana tana aiki a kantin magani ranakun hutu, shi yana ƙarin awoyi. Akwai watannin da Shahed kan wuni bai yi magana ba, ita kuwa ba ta taɓa yi masa gori ba. Duk wata sai ta tura shi ya je ya gai da uwarsa, ko da za a ƙi ganinsa. Sau goma sha ɗaya ana mayar da shi daga ƙofa.

Jorina ta sami takardunta. A shekara ta uku aka kawo mata 'yarta, yarinya 'yar shekara tara da ta tsaya a filin jirgi tana kallon uwarta kamar baƙuwa, kafin a hankali ta matso ta kama gefen mayafinta.

Shekara huɗu da 'yan watanni bayan ranar gudumar aka rantsar da Sharmin lauya, tana da cikin wata shida. Da yamma suka biya ta ɗan gidan hayar da Dilruba ta koma bayan ta gama hukuncinta. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Ta daɗe tana shafa hannun surukarta.

"Bouma, na tsane ki shekara huɗu," ta ce. "Amma tun da aka buɗe ƙofar nan na fara samun barci. Ki kai ni wurin Jorina in durƙusa mata, in za ta yarda ta gan ni."

Jorina ta yarda, bayan wata biyu tana tunani.

Yau ofishin Sharmin na hawa na biyu a kan wani shagon kayan miya, kullum cike da baƙin da aka tsorata da dokar da ba su sani ba. In ɗalibai suka zo neman shawara tsakanin wannan karatu da wancan, takan ce musu kasuwanci ba laifi ba ne, lauya ma ba tsarki ba ne, kowa ya duba wa iliminsa zai amfana. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai ga taya su zalunci ba, kuma ɗan da ya hana uwarsa cutar wani shi ne ya fi ƙaunarta. Ma'auratan da suka zaɓi gaskiya tare, suka yi haƙuri da abin da ta jawo musu, Allah bai bar su sun taɓe ba.