Malama Ni'ima da Wasan Ugwuoma

"Malam Nasidi! Ina ka kai min ɗalibaina?"

Ni'imatu ce ta faɗo ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kamar an jefo ta, hannayenta duk farin alli.

Nasidi ya ɗago daga kan kwalbar da yake riƙe da ita, ya yi murmushin nan nasa mai ba ta haushi.

"Ɗalibanki, ranki ya daɗe? Ni na ɗauka na gwamnati ne."

"Kar ka raina min hankali! Saura mako guda bikin raba kyaututtuka, ka kwashe min 'yan wasan kwaikwayo kana koya musu haɗa sabulu!"

'Yan aji huɗu suka shiga ƙunshe dariya. Kowa a makarantar ya san wannan faɗan ba ya kaiwa ofishin firinsifal.

"Ku bi ta," in ji Nasidi. "Yau Malama ta fi sabulun kumfa."

Suka fice da gudu. Ta juya za ta bi su, sai ya sassauta murya.

"Ni'ima..."

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Na ga firinsifal da safe. Idan na gama bautar ƙasa za su riƙe ni. Ba zan koma Kano ba."

Sai ta waiwayo.

"Saboda yaran?"

"Saboda yaran... da malamarsu."

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita, har tana tuntuɓe da dakali.

Sakandaren Gwamnati ta Ugwuoma tana can bayan garin Enugu, inda kwalta ta ƙare. 'Yan mishan ne suka gina ta, yaƙin basasa ya yaye mata rufi, da aka gama gwamnati ta karɓe ta. Yanzu, a 1977, arzikin mai ya kawo sababbin ajujuwa, da ɗakin kimiyya, da kayan badujala. Ni'imatu haifaffiyar unguwar Ogui ce a Enugu. Tana ƙarama iyayenta suka gudu Arewa da ita, bayan yaƙi suka dawo, ta zama Bahaushiya ta farko da ta zauna a kan bencin makarantar. Ga ta yau tana koyar da tarihi a cikinta.

Nasidi bai yi wasa ba. Ranar Juma'a ya tura Liman Isma'ila neman aurenta wajen mahaifinta, Alhaji Maikuɗi, babban dilan albasa da wake a Kasuwar Artisan.

Bayan la'asar Alhaji ya kira ta.

"Yaron nan ba ni da abin cewa a kan halinsa. Amma an ce zama zai yi a nan?"

"Haka ne, Baba."

"To ban yarda ba."

"Baba..."

"Ni'imatu! A saman kwal na ɗora ki cikin jirgin ƙasa, kina kuka kina neman takalminki. Ni kasuwa ce ta dawo da ni, amma ke mijin da zai mayar da ke gida nake so. Ba za ki kafa zuri'a inda wata rana za ki goya su ki gudu ba."

"Baba, ai nan ma gida ne."

"Na gama magana."

Ta shige ɗakin mahaifiyarta, Inna Hajaratu, ta kifa kai a cinyarta.

"Yi shiru, 'yar lelena," in ji Inna tana shafa mata kitso. "Tsoro ne ke magana a bakinsa, ba ƙiyayya ba."

Akwai wadda labarin ya yi wa daɗi. Mero, 'yar ƙanwar Inna da ke unguwar Obiagu, ta daɗe tana aika wa Nasidi dambun nama, shi kuwa yana rabar wa 'yan ƙwallon makaranta. Ranar bikin da hantsi ta sha kwalliya ta nufi rumfar Alhaji.

"Baba, ina kwana? Ba ka tafi kallon Yaya ba?"

"Kallon me?"

"Au... ashe ba ka sani ba? An ce yau za ta hau dandamali ta fito a matsayin amarya, shi kuma malamin nan ango. Hannu da hannu, gaban Inyamurai da kowa!"

Alhaji ya miƙe. Ya suri lemarsa, ya shiga sabuwar motarsa Fijo, Mero ta faɗa baya tana murna a ciki.

Ni'imatu tana bayan labule tana ɗaura wa wata yarinya ɗankwali ta hango shi. Ya shigo zauren taron babbar riga na tashi, fuska a murtuke. Nasidi da ke riƙe da igiyar labulen ya kalle ta.

"Masoyiya, ga Baba..."

"Na gan shi. Wayyo Allah, Nasidi, wasan! Akwai Baba a ciki!"

"To ai bakin alƙalami ya bushe."

Ya ja igiya.

Firinsifal Mista Eneh ya riga ya tarbi Alhaji da hannu biyu, ya zaunar da shi a sahun gaba. Babu damar tashi.

Tarihin makarantar yaran suka kwaikwaya. Ga Fada, limamin mishan, da farin gemun auduga yana auna fili. Ga ƙarar bam da aka yi da garwa, yara suka zube, zaure ya yi tsit. Ga su a gindin mangwaro suna karatu a kan buloli, malaminsu na rubutu da gawayi a jikin ƙofar da ta karye. Alhaji ya duba ango, ya duba amarya, bai ga ko ɗaya ba. Ya waiwaya ya harari Mero, ta sunkuyar da kai.

Sai ga wani ɗalibi, Obiora, ya fito cikin babbar riga, ya cusa matashi a ciki, yana riƙe da lema, yana jan wata yarinya mai ɗankwali. Ya yi gyaran murya, ya dubi mai kwaikwayon firinsifal, ya ce da gurɓatacciyar Hausa:

"Malam, ga 'yata! Kowa ya ce kar in kawo ta. Ni na ce ƙasa ɗaya ce, yaƙi ya ƙare. Amana ce na ba ku!"

Ɗayan ya amsa, "Mun karɓa, Alhaji!"

Zaure ya ɗauki tafi. Mista Eneh ya miƙe ya nuna Alhaji.

"Ga mai maganar nan a zaune! Saboda shi yau muna da 'ya'yan Hausawa a kowane aji!"

Iyaye suka miƙe tsaye. Wata tsohuwa ta rangaɗa waƙar Ibo, sauran suka amsa. Ni'imatu ta leƙa ta gefen labule. Ta ga mahaifinta ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Kuka yake ko dariya? Ta kasa ganewa.

Bayan an raba kyaututtuka ya aika a kira su. Suka same shi a gindin mangwaron, Nasidi ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da rana, Baba."

"Kai ne mai son zama?"

"Ni ne, Baba. Yaran nan sun shiga raina. Kuma inda Ni'imatu take..." Kunya ta kama shi.

Alhaji ya juya ga 'yarsa.

"Da gaske ni na faɗi maganar nan?"

"Kai ka faɗa, Baba. Ina riƙe da hannunka."

Ya daɗe yana kallon yaran da ke tsalle a fili, masu ɗankwali da marasa shi, duk a cakuɗe.

"Ashe na fi jarumta a lokacin," ya ce a hankali. Ya nisa. "Ka turo magabatanka."

"Baba!" Ni'imatu ta zube a gabansa, hawaye da dariya a haɗe.

Mero ta matso a sanyaye.

"Yaya, ki yafe min... sharrin zuciya ne."

Ni'imatu ta jawo ta ta rungume.

"Ai ke kika kawo min shi, ja'ira! Ke ce babbar ƙawar amarya."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a masallacin Ogui. 'Yan badujalar makaranta suka rako amarya, Mista Eneh ya zo cikin babbar rigar aro, hula a karkace. Da Alhaji ya hango shi, ya kama hannunsa ya ja shi gefe, fuska ba wasa.

"Malam, magana ɗaya ta rage tsakaninmu."

"Ina jin ka, Alhaji."

"Baɗi idan za ku sake wasan nan, ku rage matashin. Wallahi tumbina bai kai haka ba!"