Manaja Ya Ƙi Cin Abinci

A gidan su Auta akwai wani muzuru mai ƙiba. Baba ne ya sa masa suna Manaja, domin ba ya aikin komai sai hawa kujera yana kallon mutane. Ko ɓera ya wuce ta gabansa, kunne ma ba ya kaɗawa.

Ran nan Manaja ya ƙi cin abinci. Ya shige ƙarƙashin gado ya kwanta. Hankalin Auta ya tashi, don duk gidan ba mai son sa kamarta. Ga shi Mama ta tafi kasuwa, Baba bai dawo ba.

Ta ɗauki wayar da Mama ta bari a caji. A ciki akwai manhaja mai amsa tambaya. A ganin Auta, ba abin da manhajar nan ba ta sani ba. Ta rubuta: "Manajanmu ya ƙi cin abinci, ya shige ƙarƙashin gado. Me zan yi?"

Manhaja ta ce wataƙila aikin ofis ne ya yi masa yawa. A ba shi shayi, a yi masa magana cikin ladabi, a ba shi shawarar ɗaukar hutu.

Auta ta haɗa shayi. Ta durƙusa a bakin gado ta ce, "Ranka ya daɗe, a daure a ɗauki hutu."

Manaja ya harare ta. Ya kai wa kofin hannu, shayi ya malale a kan rigar makarantarta. Ana haka Baba ya shigo. Da ya karanta abin da ke wayar, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Auta, kin gaya mata Manaja yana da jela?"

"A'a, Baba. Ai na zaci ta sani."

"Ina za ta sani? Ba ta taɓa shigowa gidanmu ba. Abin da kika faɗa mata kawai take aiki da shi."

Auta ta ji kunya. Ta sake rubutawa, ta ce Manaja muzuru ne. Nan take manhaja ta ce a kai shi wurin likitan dabbobi. Baba da Auta suka kai shi. Ashe ƙayar kifi ce ta maƙale masa a baki. Likita ya cire ta.

Da yamma Manaja ya cinye kwanonsa tas, ya koma kan kujera. Auta kuwa tana wankin riga tana murmushi. Daga ranar ta gane: ba komai na'ura ta sani ba. In za ka tambaye ta, yi mata cikakken bayani, kuma ka auna amsarta da hankalinka.