Muryar da Na Ɗauko wa Umma

Gab da magariba na zare makullin shagon Yaya daga ƙusar da yake rataye tun ranar da muka kai shi makwancinsa.

Umma ce sila. Ciwo ya cinye ta, sai idanu. Da la'asar ta ce da ni, "Auta, fuskar yayanka tana nan, ko na rufe ido ina ganinta. Muryar ce take gudu na. Jiya na neme ta, ban same ta ba."

Na san inda muryar take. Sana'ar Yaya buga wa mutane takardu a wata tsohuwar kwamfuta ta tebur. In ciniki ya yi sanyi yakan ɗauki muryarsa a ciki, ya yi karatu, ya kwaikwayi faɗan Umma, ya yi ta dariya shi kaɗai. Wayarsa ta niƙe tare da shi a ƙarƙashin motar da ta take shi. Kwamfutar ce ta rage.

Na tarar da mai askin da ke jikin shagon yana share gashi a ƙofa.

"Ƙanin marigayi, yau an tuna da mu? Zo in rage maka wannan dajin, kafin kura ta haihu a ciki."

"Sai wani jiƙon, Baba."

"Me za ka yi a kango da almuru? Ɗakin da ya yi damina a rufe ba a faɗa masa haka kawai."

"Yanzu zan fito."

Ƙofar ƙarfen ta yi kuka kafin ta buɗe. Warin danshi da tsohuwar takarda ya tare ni. Silifas ɗin Yaya suna ƙarƙashin tebur, ɗaya a kan ɗaya, kamar ya je alwala ne zai dawo. Na kau da kai.

Ban yi nisa a makaranta ba, amma na sha riƙe masa tocila yana gyara. Yakan ce kwamfuta jinjiri ce, in ta yi kuka da sauƙi, shirunta ne abin tsoro.

Na danna maɓalli. Shiru.

Na canza soket. Na cire wayar injin buga takarda na sa mata. Na laluba ɗan makunnin da ke bayanta, na kashe, na kunna. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na zare filogi, na kwance murfin akwatin, na ciro ɗan sillen nan da ake kira ram, na goge haƙoransa da abin goge fensir yadda na ga yana yi, na mayar har ya ce ƙas. Na jona, na danna. Fankar ciki ta juya sau ɗaya, kamar ajiyar zuciya, ta tsaya.

Da na haska tocila na ga matsalar. Rufi ya yi ta yoyo a kanta, cikin ya jiƙe. Can a lungu, ƙarƙashin akwatin wuta, akwai wani curin ƙura da yanar gizo-gizo, launin toka, bai fi dunƙulen hannu ba.

Na sake zare filogin, na leƙa wajen mai aski na ari na'urar busar da gashi. Yana naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Ɗauka. Amma ka bari a idar da salla."

Ban bari ba. Tun muna yara Umma take hana mu watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, saboda waɗanda ba ma gani. Ban taɓa kawowa iska mai zafi 'yar'uwar ruwan zafi ce ba. Ban kawo akwatin ƙarfe zai iya zama gidan wani ba.

Na murɗe na'urar har ƙarshe, na cusa bakinta a lungun.

Curin ya motsa.

Na ce iska ce. Na ƙara matsawa.

Sai ya yi kuka. Siriri, kamar na ɗan mage, kamar na jaririn da aka tsunkula. Ƙauri ya taso, ba na waya ba, na gashi da nama. Curin ya miƙe, ya lanƙwashe, ya daina.

Na saki na'urar.

Fankar ta tashi. Filogin kwamfutar yana ƙasa, kusa da ƙafata, ina kallonsa.

Ƙofa ta rufe da ƙarfin da ya sa ƙasa ta zubo daga rufi. Allon kwamfutar ya kawo haske ja, babu rubutu. Daga 'yar sifikar da ke kan tebur wata mata ta yi raɗa.

"Ka yi sallama?"

Na waiga, ban ga kowa ba.

"Barci yake yi. Yanzu na kwantar da shi."

Wayar madannai ta tsinke ta zabge ni a fuska, leɓena ya fashe. Wani abu ya kama ni ta ƙeya ya buga goshina da gefen tebur. Ya ɗaga, ya sake bugawa. Na ji haƙori a kan harshena. Aka yi jifa da ni, na daki kantar kaya, takardu da kwalaben tawada suka rufto mini.

Na rarrafa wajen ƙofa. Aka jawo ni ta ƙafa.

Matar ta kama hannun da na riƙe na'urar da shi, ta tura shi cikin akwatin. Fanka ta ci yatsuna. Jini ya fantsama a allon, ya yi ta tafasa.

Baƙar wayar wuta ta taso daga ƙasa, ta zagaye wuyana, ta ɗaga ni. Ƙafafuna suka bar siminti.

A gilashin allon na gan ta a bayana. Doguwa, ta sunkuyar da kai don rufin ya yi mata kaɗan. Ta rungume wani abu mai hayaƙi a ƙirji, tana jijjiga shi.

"Me ka zo nema a ɗakina?"

Ta sassauta wayar kaɗan.

"Murya," na ce. "Ta yayana. Ummarmu ce take so."

"Ku nawa ta haifa?"

"Biyu. Ni na rage."

Ta daina jijjiga abin da ta rungume. Fankar ma ta rage gudu. Ina jin ɗigar jinina a ƙasa, da kabbarar liman daga nesa.

"Nawa ɗaya ne," ta ce.

Yatsu masu sanyi suka buɗe bakina. Suka wuce harshe, suka wuce maƙogwaro, suka fizgo wani abu. Ta cusa wani a gurbinsa, mai zafi kamar garwashi.

"Ga abin da ka zo nema. Taka kuwa ta zauna nan, ta yi masa kuka."

Allon ya tarwatse.

Mai aski da mutanen da suka fito daga salla ne suka ɓalle ƙofar da ƙarfe. Suka same ni a ƙasa, wayar a wuyana. Kwamfutar, in ji su, sanyi ƙalau, babu alamar ta taɓa tashi.

Na daɗe a asibiti. Yatsu biyu sun tafi. Likita ya ce maƙogwaron ya murƙushe, wataƙila in yi magana, wataƙila ba zan yi ba.

Ranar da aka sallame ni na tsaya a ƙofar ɗakin Umma, na tattaro numfashi, na yi sallama.

Ba ni na yi ta ba. Yaya ne, har da 'yar shaƙewar nan da yake yi a ƙarshen magana.

Umma ta yunƙura ta zauna, ita da sai an ɗaga ta. Ta dube ni, ta dubi bayana. Sai ta rufe ido.

"Sake faɗa," ta ce.

Shagon yana nan a rufe. Mai aski ya tashi daga layin, ya ce da almuru ana jin wani saurayi yana kuka a ciki, kuma ya san mai muryar.

Umma ta fara cin abinci. Kullum da yamma takan sa in zauna a bakin gadonta, ta juya fuska ga bango, in yi ta magana har ta yi barci. Jiya ta riƙe hannuna mai dungu, idonta a rufe, ta ce, "Ina ƙaninka ya shiga ne? Na kwana biyu ban ji shi ba."

Na ce yana gaishe ta.