Agogon Mutumin da Ya Tare Kogi

Bayan sallar Juma'a, cikin shekarar 1964, wani tsoho mai sayar da turare ya shigo ofishin 'yan sanda na unguwar Zahir, a Makka. Sunansa Wada. Aka tura shi wurin Sufeto Idris, don shi ne mai jin Hausa. A nan Makka aka haifi Idris, amma iyayensa Katsinawa ne.

"Zauna, ya ammi," in ji Idris, wato baffa da Larabci. "Me aka ɗauke?"

"Agogon aljihu, na azurfa. Ba tsadarsa ce ta dame ni ba."

Ya ce yana saurayi, a hanyarsu ta zuwa Makka, ya yi wa wani likita ɗan Suwizalan aiki a Chadi. Zazzaɓi ya kwantar da likitan, kowa ya watse, Wada ya yi jinyarsa har ya miƙe. Shi ne likitan ya ba shi agogon kakansa.

"Kakan nan, Tanla sunansa, daga ƙaramin akawu ya fara har ya zama shugaban gunduma a lardinsu. Duk shekara kogi ke cin garinsu. Majalisa ta ƙi sauraronsa, shi kuma ya ƙi yin shiru, har aka gina madatsa. Da ya ajiye aiki, mutanen gari suka taru suka ba shi agogon. Hotonsa na ƙarƙashin murfin baya. Ban taɓa nuna wa kowa ba, ka san yadda ake kallon hoto a garin nan."

Idris ya bi shi gida. Ƙofa lafiya lau, akwatin da yake ajiye agogon kuma da makulli aka buɗe shi. Maƙwabciyarsu Hure ta yi magana ta bayan labule.

"Ni dai Rabe na gani, ɗansa. Ya fita da sauri kafin a kira salla."

Tsohon ya sulale ya zauna a ƙasa. "In Rabe ne, Sufeto, a bar maganar."

"Bari mu ji tukuna."

Aka nemo Rabe. Ya ce shi a Harami yake tun hantsi. Idris ya kama hannunsa ya juya.

"Wannan baƙin man fa? A Harami ka same shi?"

Rabe ya sunkuyar da kai. Ashe a unguwar Kudai yake, wurin koyon gyaran mota, abin da babansa ya hana shi. Mai garejin ya tabbatar.

"Wa ya san inda makullin yake?"

"A ƙusa Baba ke rataye shi in zai shiga wanka. Ni da Abdulganiyyu muka sani, ɗan hayarmu."

Abdulganiyyu ya zo da carbi a hannu, yana murmushi.

"Wallahi, ya Sufeto, ko taɓa shi ban taɓa yi ba. Me zan yi da agogo mai hoton Bature mai gemu?"

"Wa ya ce maka akwai hoto?"

Murmushin ya ɗauke. Abdulganiyyu ya dubi Wada, ya dubi ƙofa, inda wani ɗan sanda ke tsaye.

"Wani ɗan kasuwa ne a Jidda yake neman irinsu," in ji shi a hankali. "Yana cikin buhun shinkafa, a ɗakina."

Aka ciro agogon, aka sa wa Abdulganiyyu ankwa, aka wuce da shi mota.

Wada ya karɓa da hannu biyu, ya kara a kunne. Agogon na tafiya.

"Allah ya jiƙan iyayenka, Sufeto. Agogo na zo nema, ka dawo mini da ɗana."

Ya juya ya riƙe hannun Rabe, da mai da komai.

"Ka yafe mini, na zarge ka a zuciyata. Gobe ka kai ni in gaishe da maigidan naka."